Ƙofar Gidan Inno

"Gwaggo sharaɗi ta kafa, Ilham. Ta ce in ba a cika shi ba, kada in sake kawo mata maganarki."

Safiyanu ya faɗi haka kansa a sunkuye. Yana jingine da motonsa mai ƙafa biyu a ƙarƙashin itacen dogon yaron da ke gefen babban masallacin Birni, inda Ilham take tara mutanenta kowace safiyar Asabar.

Ilham malamar tarihi ce a koleji. Ranar Asabar kuwa takan zagaya da 'yan mata da duk matar da ta so, a ƙafa, daga Birni har Zango, tana nuna musu inda matan Damagaram suka zauna da abin da suka yi. Babu mai biyanta. A bakin tsofaffin unguwa ta tattaro labaran.

"Faɗi ina ji," in ji ta.

"Ki daina tsayawa a ƙofar gidanmu. Sannan ki je gidan su saurayin Sa'a, ki ce musu labarin kakarmu Inno ƙirƙirarsa kika yi."

"Me ya kawo gidan su saurayin Sa'a a ciki?"



"Sun fasa. Shekaranjiya suka aiko a maida musu kayansu. Wata 'yar gidansu ta bi ki yawon nan, ta koma ta ce kakarmu baiwa ce."

Ilham ta dafa jikin itacen. Sa'a ƙanwar Safiyanu ce, tare da Ilham suka zaɓo zannuwan bikin a Kasuwar Dole. Sa'a da Safiyanu marayu ne, gwaggonsu Hajiya Balki ta riƙe su tun suna ƙanana, kuma maganarta ce magana a gidan.

"Wallahi lokacin da na fara ba da labarin ban san gidanku ba ne. Ko kai ban sani ba."

"Na sani."

"Kuma ban taɓa faɗinsa don in ƙasƙantar da ita ba. A duk matan da nake ambata babu wadda nake so kamarta." Hawaye ya zubo mata, ta sa bakin mayafi ta share. "Yanzu in je in ce ƙarya ne? Tsofaffin da suka zaunar da ni a tabarmarsu suka ba ni, in mai da su maƙaryata?"

"Ni ban ce ki yi ba."

"To me ka ce?"

"Na ce ban iya rabuwa da ke, kuma ban iya ɗaga wa Gwaggo murya. Matar nan ta ƙi sake aure saboda mu. Jiya na durƙusa gabanta har ƙafafuna suka mutu, ko kallona ba ta yi ba." Ya ɗago ya dube ta. "Sa'a kuma tana ɗaki, ta ƙi cin abinci. Ki faɗa mini inda zan sa kaina."

"Ni ma Baba ya gaji, Safiyanu. Ya ce ba zai shiga azumi da maganata a buɗe ba. Kullum Abdulaziz yana aike neman aurena."

Ya runtse ido da jin sunan. Kafin ya amsa, 'yan matan suka fara isowa, wasu da gorar ruwa, wasu da lema. A bayansu wani adaidaita ya tsaya, wata dattijuwa mai jiki ta sauko a hankali, da farin mayafi da carbi a hannu.

Safiyanu ya miƙe tsaye. "Gwaggo ce."

Ilham ta je ta durƙusa har ƙasa. "Ina kwana, Hajiya."

"Lafiya. An ce yawon naki na kowace mace ne."

"Haka ne, Hajiya."

"To ni ma mace ce. Wuce mu je, in ga inda za ki tsaya da inda ba za ki tsaya ba."

Suka shiga lungunan Birni, tsakanin katangun ƙasa da manyan duwatsun da gidajen suka jingina da su. Safiyanu ya bar motonsa wurin mai shayi ya biyo su daga nesa.

A gindin wani dutse Ilham ta tsaya, wurin wata tsohuwar rijiya da aka rufe bakinta da kwano. Da farko muryarta tana rawa. Da ta shiga labarin sai ta daidaita.

"Kun san garinmu da ƙishirwa. Tsofaffin lungun nan suna kiran wannan rijiyar Falmata. Sun ce a wata shekarar fari, mijinta ya tafi fatauci bai dawo ba, mazan da suka fara haƙar suka tarar da dutse suka bari. Ita ta tara matan lungun. Suna hura wuta a kan dutsen, su kwara masa ruwan da suka hana kansu sha, ya tsage, su kwashe da ƙwarya. Ku taɓa nan."

'Yan matan suka taɓa bakin rijiyar, inda igiya ta ci dutse ta yi kwari.

"Hannun mata ne ya yi wannan. Duk wadda ta ja guga a nan ta bar rabonta."

Wata yarinya ta sa yatsanta a cikin kwarin ta daɗe ba ta cire ba. Hajiya Balki tana gefe tana jan carbinta.

Suka bi ta bayan katangar fada. Ilham ta nuna musu gefen da matan gidan suke, ta ba su labarin masu daka da masu girkin da suke ciyar da duk baƙon da ya sauka, da dattijan matan da ake kai musu ƙarar da mace ba za ta iya faɗa gaban maza ba. Ta ce sunayen sarakuna kowa ya haddace a lakwal wurin malaman boko, amma waɗannan sai an bi gida gida ake samun ko rabin suna.

Daga nan suka tsaya a wata 'yar ƙofa mai koren fenti, wadda sai an sunkuya ake shiga.

"Gidan Hafsatu ungozoma. Ku tambayi iyayenku, da wuya a rasa wanda ta yanke wa cibiya a danginku. Da aka buɗe matarnite, asibitin haihuwa, mata suka ƙi zuwa don tsoro. Ita ta riƙa riƙo hannunsu tana kai su, ta zauna a bakin gado har su sauka."

"Ba koriya ba ce ƙofar a da," in ji wata murya daga baya. "Shuɗiya ce. Kuma ba ta shiga gidan haihuwa sai da ɗan tulunta na kanta."

Kowa ya waiga. Hajiya Balki ce. Ta tsuke baki kamar wadda maganar ta suɓuce mata.

"Na gode, Hajiya. Ban san wannan ba," in ji Ilham.

"Da yawa ba ki sani ba."

Safiyanu yana tsaye a bakin lungun yana kallon Ilham. Gumi ya jiƙa mata goshi, ƙura ta hau mata ƙafa, 'yan mata sun kewaye ta suna cin ta da tambaya, tana amsa wa kowace da sunanta. Ya tuna abin da aka ce ta je ta ƙaryata, ya ji kunya ta kama shi da har ya iya kawo mata saƙon.

Rana ta take sosai lokacin da suka fito daga Birni zuwa gudron, titin kwaltar da za su tsallaka su shiga Zango. Wata farar mota ta rage gudu ta tsaya a gabansu. Gilashi ya sauka. Abdulaziz ne, ma'aikacin duwan, wato kwastan, ɗan abokin mahaifin Ilham, cikin shadda mai ƙamshi.

Ya fito ya gaida Hajiya da ladabi duk da bai san ta ba, sannan ya ja Ilham gefe kaɗan.

"Na je gida aka ce kin fito. Ilham, wannan ranar ba ta tafiyar ƙafa ba ce. Shigo in kai ki."

"Ina tare da mutane."

"To ki ji. Babanki ya ba da izini. Yau bayan la'asar baffannina za su je." Ya sassauta murya. "Ba zan hana ki koyarwa ba, na yi alkawari. Yawon nan kaɗai za ki bari. Kin ga irin abin da ya jawo miki. Gari duk ya ɗauka."

"Ban amsa maka ba, Abdulaziz."

"Baba ya amsa. Ni kuma ba sharaɗin zuwa gidan kowa a wurina."

Ya shiga motarsa ya ja. Ilham ta tsaya a bakin gudron. Da ta juyo, ta ga Hajiya Balki tana kusa da ita fiye da yadda ta zata. Ta ji komai.

"Ga hanya mai sauƙi an buɗe miki," in ji Hajiya. "Mota da sanyi."

Ilham ta juya ga hanya. Ta ɗaga hannu ta tsaida kabu-kabu biyu da ke tahowa, ta tsallakar da 'yan matanta.

Gidajen Zango na tsofaffin fatake ne, masu zanko a sama da zane a goshin ƙofa. Na su Safiyanu yana tsakiyar wani layi, da ƙaton zaure da ƙofar itace mai ƙusoshi. Ilham tana gaba, 'yan matan suna biye. Akwai wani lungu a hagu da zai fitar da su kasuwa ba tare da sun bi ta gaban gidan ba. Ta ga Safiyanu ya tsaya a bakinsa yana dubanta.

Ta wuce lungun. Ta je ta tsaya a ƙofar.

'Yan matan suka taru suna jira. Ilham ta juya ta fuskanci Hajiya Balki, ta durƙusa a kan ƙasar mai zafi.

"Hajiya, gidanki ne, kakarki ce. Daga yau ba zan sake ba da labarinta ba sai da izininki. Abin da ya samu Sa'a kuwa, da zan iya ɗauke shi in ɗora wa kaina da na yi." Kuka ya ci ƙarfinta, ta dakata. "Amma ba zan je in ce ƙarya ne ba. Ko za a raba ni da Safiyanu, ba zan iya ba. Matar nan ta sha wuya ta zama abin da ta zama. Ba ni zan share ta ba."

"Kin gama?"

"Na gama, Hajiya."

"To tashi ki ja mutanenki ku wuce."

Ilham ta miƙe tana share fuska. Ta ce wa 'yan matan yau ba za a yi bayanin wannan gidan ba. Suka fara gunaguni. Wata doguwa daga cikinsu, wadda ba ta gane abin da ke faruwa ba, ta ce wa ƙawarta da ƙarfi,

"Ai na san labarin. Baiwar nan ce da ubangidanta ya ajiye, ya gina mata gida don kyanta."

Carbin Hajiya Balki ya tsaya.

"Ke. Zo nan. Wa ya faɗa miki haka?"

Yarinyar ta tsorata. "Haka ake faɗa a unguwarmu, Hajiya."

"Babu wanda ya ba ta ko curin ƙasa ɗaya."

 Hajiya ta taka ta hau dakalin ƙofar ta zauna, ta ajiye carbin a cinyarta. 

"Ni na kwana a bayanta. Ni nake tsefe mata kai. Tana ƙarama aka kamo ta daga kudu, ko sunan garinsu ba ta riƙe ba. Abin da ta tuna kawai, akwai rafi a bayan gidansu, kuma uwarta tana da wushirya. Sunan da aka raɗa mata ma ya ɓace. Inno mu muka sa mata."

Ta nuna idon sawunta.

"Nan, akwai tabo. Ina yarinya nakan tambaye ta, ta ce ƙaya ce. Sai da na girma na gane."

Wata daga cikin 'yan matan ta zauna a ƙasa. Sauran suka bi ta.

"Da rana ta yi wa iyayen gidanta aiki. In ta gama ta kaɗa zare nata na kanta. Da zaren nan ta fanshi kanta. An ce mata zamani ya sake, ta tafi kawai ba mai tare ta. Ta ce a'a, ba ta son wani ya tashi gobe ya ce wa 'ya'yanta komai. Ta koma sayar da fura a inda ayari ke sauka, daga nan ta shiga kanwa da gishiri, har ya zama raƙuma suna durƙusawa a ƙofar nan da kayanta. Kakanmu malamin allo ne, ba shi da komai sai buzunsa. Ita ta zaɓe shi. Ƙasar ginin nan a kanta ta ɗauko, tare da magina."

Ta buga tafin hannunta a jikin katangar.

"Shekarar yunwa kuwa, a zauren nan take dafa kunu a tukwane manya. Har jikokin waɗanda suka mallake ta sun sha. Ba ta taɓa tuna musu ba."

Hawaye yana bin fuskarta, ba ta share ba. Safiyanu ya matso ya durƙusa a gefen dakalin.

"Gwaggo, ba ki taɓa faɗa mana ba."

"Me zan faɗa muku? Na san garin nan. Na san abin da kalma ɗaya take yi wa auren yarinya." Ta dubi Ilham. "Ke kina ganin kunyarta nake ji? Tsoro nake ji. Na rufe bakina don yaran nan su yi aure lafiya. Yau ga abin da rufe bakin ya bari a bakin mutane."

Ta juya ga doguwar yarinyar. "Ki koma unguwarku ki faɗa musu yadda kika ji daga jikarta."

"To, Hajiya."

Ilham ta sallami 'yan matan a nan. Suka zo ɗaya bayan ɗaya suna durƙusa wa Hajiya, wasu suna shafa ƙofar kafin su tafi. Aka bar su su uku.

"Kada ki zaci na huce," in ji Hajiya. "Kukan Sa'a yana kunnena, kuma sai kin shiga kin dube ta ido da ido."

"Zan shiga, Hajiya."

"Ba yanzu ba." Ta dafa gwiwa ta miƙe. "Na sa miki abin da na san mai son kanta za ta yi da gudu. Ga kuma mai mota yana jira. Kika ƙi duka biyun." Ta gyara mayafinta. "Kai Safiyanu, je ka ɗauko baffanka Sule a kasuwa. Ka ce ya sa babbar riga, ya biya ya sayi goro. Ku same mu gidan Malam Hamisu, mahaifin yarinyar nan."

Safiyanu ya ɗago ya dube ta, bakinsa a buɗe.

"Tsayawa za ka yi kallona har la'asar ta yi?"

Ya tashi da gudu, ya manta ma motonsa yana Birni, sai da ya kai ƙarshen layi ya tsaida kabu-kabu.

Gidan su Ilham yana Sabon Gari. Ta ce a nemi adaidaita, Hajiya ta ce tun safe take bin ta a ƙafa, ba yanzu za ta gaza ba. Suka tsaya a wani gida suka yi azahar, suka ci gaba. Hajiya tana tafe tana haki, ta dafa kafaɗar Ilham. A hanya ta nuna mata wani kango ta ce a nan wata mai kitso ta zauna wadda amaren Zango duka suka bi ta hannunta, ta ce ta tuna mata wani lokaci ta ba ta labarin.

Da suka karyo kwanar gidan, Ilham ta ja ta tsaya.

Motoci biyu ne a ƙofar. Takalman maza sun cika bakin zaure.

"Sun riga sun zo," ta faɗa da ƙyar. "Ba su jira la'asar ba."

Ta duba hanya, babu Safiyanu, babu baffansa. Daga cikin zauren ana jin muryar wani dattijo yana jero gaisuwa da yabon zumuncin gidajen biyu, mahaifinta yana amsawa. Ilham ta san abin da ke biyo bayan wannan. In aka shafa fatiha, Malam Hamisu ba ya maida maganarsa.

Ilham ta juyo. "Hajiya, shi ke nan."

"Shiga ta ƙofar baya wurin mahaifiyarki. Ki wanke fuskarki."

"Ke fa? Zauren maza ne."

Hajiya Balki ta wuce ta. Ta taka har bakin zauren, ta tuɓe takalmanta da suka yi futu-futu da ƙura ta jera su kusa da na baƙin. Ilham ta kasa tafiya, ta maƙale a jikin katanga tana ji.

"Salamu alaikum."

Maganar ciki ta yanke.

"Wa alaikumus salam," in ji Malam Hamisu. "Wace ce? Mata suna ciki, a zagaya."

"Wurinka na zo, Malam. Balki ce daga Zango, jikar Inno, baiwar da ta fanshi kanta. Ka dakata da fatihar nan. Ni ma na zo nema wa ɗana."

Ta ɗaga labulen ta shiga.